Jan Layin Ɗakin Madam

Duk wanda ya gaisa da Mai Makulli sai ya sake duban hannun da aka miƙo masa. Yatsu biyu na daman, ƙaramin da na kusa da shi, sun lanƙwashe sun ƙi miƙewa, ga kuma tabon ɗinki tun daga bayan hannun har wuyansa. In aka tambaye shi a mota ko a layin asibiti, cewa yake, "Wurin aiki ne." In mai tambayar ya cika naci ya ce ko inji ne ya kama shi, sai ya ce e, kusan haka. Ba son ƙarya gare shi ba, gajiya ya yi. Ya lura mutane ba labarin suke so ba, so suke ya ce musu dabba dabba ce su gyaɗa kai, shi kuwa maganar nan ta ƙi fita daga bakinsa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a gidan zu, inda ake ajiye namun daji. Da tsintsiya ya fara, yana bin bayan 'yan kallo yana kwashe ɓawon gyaɗa da ledoji, aka mai da shi wurin jiminu, daga nan ɓangaren manyan birai, can kuma ya yi furfura. Damin makullan da ke ƙugunsa ne ya ba shi suna, don tun daga bakin get ake jin tahowarsa. Mutum ne mai ƙa'ida har ta yi masa yawa. Kwaɗon da ya kulle da hannunsa sai ya koma ya ja shi sau biyu, a gida ma haka, har matarsa takan ce ita da yara ba su san laifin da suka yi aka sa su a keji ba.

Bayan kejin da 'yan kallo ke gani akwai wani dogon lungu na siminti, mai famfo da tiyo da teburin yanka 'ya'yan itace. Nan ɗakunan kwanan birai suke a jere, kowanne da sandunan ƙarfe a gaba, da wani aljihu na ƙarfe mai dogon mariƙi da ake tura abinci ta ciki. A ƙasan lungun akwai jan layi, nisansa da sandunan daidai tsawon hannun babban biri. Shi ya auna shi, shi yake sake masa fenti duk shekara. Wanda ya riga shi a aikin ya taɓa sunkuyawa gab da sandunan yana ɗaura igiyar takalmi, kafin ya ɗago kunnensa ɗaya ya tafi. Saboda haka duk sabon ma'aikaci, kafin a nuna masa ko inda bokiti yake, sai Mai Makulli ya tsai da shi a kan layin nan ya ce, "Nan naka, can nasu. In kai ka manta, su ba sa mantawa."

Ɗakin ƙarshe na Madam ne. Birinya ce daga manyan baƙaƙen biran nan marasa wutsiya, masu tafin hannu irin na mutum. A cikin kwali aka kawo ta, 'yar mitsitsiya, an ƙwato ta daga hannun masu fataucin namun daji, ba wanda ya zaci za ta kwana. Shi ya raine ta da madara a fidar jarirai, in mura ta kama ta ya kwantar da ita a cinya ya yi ta shafa mata ƙirji har numfashin ya daidaita. Goya ta yake yana aiki. Ranar da ta kai shekara shida, cikin wasa ta kama mariƙin bokitin ƙarfe da hannu ɗaya ta lanƙwasa shi tana kallonsa tana washe baki. Daga ranar ya kulle mata ƙofa ya koma bayan layi. Shekara ashirin da biyu bai sake taɓa ta ba. An sa mata Madam ne don ba ta cin abin da ya taɓa ƙasa, mangwaro ma sai ta goge shi a hannunta tukuna.

Akwai wata dabara tsakaninsu da ma'aikata ke kira musaya. 'Yan kallo dai kun san halinsu: yau hula ta faɗa keji, gobe tabarau, jibi waya sukutum. Mai Makulli sai ya buga mariƙin aljihun sau biyu da makulli, ya buɗe tafin hannu ya ce, "Kawo." Madam ta ɗauko abin ta sa a aljihu, shi kuma ya tura mata ayaba ko gutsuren rake. Ta iya cinikin har ta fi shi. Ta taɓa kwance tabarau gida uku tana miƙo su ɗaya bayan ɗaya, ta ci ayaba uku a kan abu guda.

Mai gadin get, abokin shan shayinsa, shi ne mai jan gardama kullum. Cewa yake mutum Allah ya ba hankali da kunya da magana, saura duk ci da barci suka sani. Mai Makulli ba ya musa masa, ba ya kuma yarda. Ya ga Madam ta saci soso ta zauna a kai tana kallon sama kamar ba ita ba, ya gan ta tana dariya, ya ga ta yi fushi da shi kwana biyu don ya yi mata tsawa a gaban baƙi. Ya kuma gan ta da idonsa ta cafke kurciyar da ta shiga keji ta yage ta da rai, fuskarta ko gezau, ta zauna tana wasa da gashin. Sai ya ce wa mai gadi, "Ni dai inda na sani shi ne inda na shafa fenti." Mai gadi ya ce wannan ba amsa ba ce, su ci gaba da shan shayi.

A shekararsa ta ƙarshe Madam ta haihu, haihuwar fari bayan kowa ya fid da rai. Ɗan ya yi sati biyar. Ran wata Talata da safe Mai Makulli ya shigo lungu ya tarar tana rungume da shi kamar kullum, sai dai ƙafafunsa na lilo, kansa ya faɗa baya. Ta ɗago kan ta kai bakin nono, ya sake faɗawa. Ta sake ɗagowa.

Ba ta ajiye shi ba ranar nan, ba ta ajiye shi washegari ba. Tana hawa da shi, tana sauka da shi, tana kore masa ƙuda, tana tsefe masa gashi. A kwana na uku wari ya fara. A na huɗu ta daina karɓar abinci. A rana ta shida Manaja ya shigo lungun da hankici a hanci, Likita na biye da shi. Likitar dabbobin yarinya ce, sa'ar 'yarsa ta biyu, mai aiki da zuciya ɗaya.

Manaja ya ce, "Baba, abin nan ya isa. Jiya wata ta ɗauki hoton abin a waya, yau kowa cewa yake mun bar gawa tana ruɓewa a keji. Gobe ƙarfe sha biyu ina so a ce an fid da shi."

"Ranka ya daɗe, za ta ajiye da kanta."

"Yaushe?"



Likita ta ce, "Ba don 'yan kallo kaɗai ba, Baba. Lasar gawar take, kuma ko ruwa ba ta sha sosai. In na bar ta, cuta za ta kwantar da ita. In kuma na harba mata allurar barci..." 

Ba sai ta ƙarasa ba. Shekara biyu da suka wuce an yi wa Madam allurar nan don cire mata haƙori, sai da suka yi awa huɗu a kanta kafin ta farfaɗo. A nan Likita ta gano zuciyarta ta kumbura, ta kuma faɗa musu baki da baki cewa in aka sake, da wuya ta tashi.

Ya ce, "Ku ba ni zuwa goben."

Da aka tashi 'yan kallo ya shiga kasuwar bakin titi ya zaɓo mangwaro mafi kyau, ya haɗa da 'yar kwalbar zuma, abin da Madam za ta iya sayar da ɗakinta a kai. Ya jera su a tebur inda za ta gani. Ya tsaya bayan layi, ya buga mariƙin sau biyu, ya buɗe hannu.

"Kawo."

Tana can lungun ɗakin da ɗan a cinya. Ta dubi zumar, ta dube shi. Can ta taso, hannu ɗaya na riƙe da gawar a ƙirji, ta tsinci murfin kwalba a cikin ciyawa ta sa a aljihu. Ya girgiza kai, ya nuna ɗan, ya sake bugawa. Ta koma ta ɗauko tsumman buhun da take rufa da shi, ta cusa. Ya sake bugawa. Ta kawo ɓawon kwakwa, ta kawo guntun igiya, ta kawo tsohuwar ƙwallon robar da ta hana kowa taɓawa shekara goma. Duk abin da ta mallaka sai da ta tura masa, aljihu ya cika har ya ƙi rufuwa. Sannan ta tsaya tana kallonsa, ba ta ko waiwayi zumar ba. Da ya ɗaga makulli zai sake bugawa, sai ta juya masa baya ta zauna.

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji a gaban mutum ba. Sarai ta gane abin da yake nema. Shi ne bai gane abin da yake yi ba, ya zo sayen ɗa da mangwaro.

Ya isa gida rana na shirin faɗuwa. Matarsa tela ce, tana baranda a kan keke tana sauri ta gama kalmasa bakin wata riga kafin haske ya tafi. Ta ga bai cire takalmi ba, bai nemi ruwa ba, ta ce, "Malam, har yanzu ba ta ajiye ba?"

Ya zayyana mata komai, allurar da sha biyun gobe da kayan da aka tura masa.

"Kai me ka ce mata?"

"Abin da na saba. Na buga, na buɗe hannu, na ce kawo."

Keken ya tsaya. Ta dubi allurar ɗinkin ta ce, "Haka ka ce min."

"Yaushe?"

"Ranar da na farin ya rasu."

Shekara talatin da uku ke nan. Ɗansu na fari, wata biyu da haihuwa, zazzaɓi ya ɗauke shi da hantsi a kan cinyarta. Mai Makulli yana tune da zafin ranar, yana tune da mazan da suka taru a ƙofar gida, yana tune da yadda ya yi ta maza bai yi hawaye ba har aka yaba masa. Kalmar ce wallahi bai tuna ba.

Ta ce, "Ba laifi ka yi ba, dole a kai shi. Amma ko zama ba ka yi ba. Kana tsaye a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa, ka miƙo hannu biyu ka ce, kawo shi, mutane na jira. Da ka zauna kusa da ni ko na minti biyar, ka taɓa kansa, ka ga abin da nake gani, da ni da kaina zan miƙa maka."

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Ka taɓa tambaya?"

Ya zauna a bakin dakali, makullai suka yi ƙara. Ta dube shi da kyau, ta san shi fiye da yadda ya san kansa, nan take ta ga inda tunaninsa ya nufa.

"Kada ka je ka yi wani abu ka ce ni na aike ka. Ni mutum ce. Ita fa?"

"Shi ne ban sani ba."

"To wanda bai sani ba ya tsaya bayan layinsa."

Ya tashi ya shige ɗaki. Ita kuwa ba ta sake taka keken ba.

Ƙarfe tara na safe Likita ta shigo lungun da bindigar allura a cikin jaka. Ta tarar ya wanke ƙasa, ya kwashe mangwaro da zuma daga tebur, ya buɗe ƙaramar ƙofar da ke fita daga ɗakin Madam zuwa babban keji, an kuma tare hanyar 'yan kallo ta wannan ɓangaren. Ya kwance damin makullai daga ƙugunsa ya miƙa mata. Tunda ta fara aiki ba ta taɓa ganinsa ba su ba.

"Baba, me za ka yi?"

"Zama zan yi. Ki tsaya can wurin famfo inda ba za ta ga bindigar ba. In ban ce ki harba ba, kada ki harba."

"In ta kama wuyanka ba zan jira ka ba."

"In wuya ne, na yarda."

Ya cire takalman roba ya ajiye su a gefe. Ya dubi layin da ya yi wa fenti sau ashirin da wani abu. Ya tsallaka. Ya zauna a kan siminti, kafaɗarsa ta dama na jingine da sandunan, fuskarsa na kallon bango, hannuwansa a kan gwiwa, ba komai a cikinsu.

Madam na kan katakon da take kwana, can sama. Ta leƙo, ta koma.

Goma ta yi. Sanyin siminti ya shige masa ƙugu, ƙafarsa ta hagu ta mutu, bai motsa ba. Ƙudaje na tashi daga cikin ɗakin suna sauka masa a fuska. Sha ɗaya saura Manaja ya leƙo daga ƙarshen lungu, ya ga inda tsohon yake zaune, ya buɗe baki, Likita ta ɗaga masa hannu. Ya tsaya nan yana duban agogo.

Sha ɗaya da kwata ya ji katako ya yi ƙara. Bai waiwaya ba. Ya ji saukarta, ya ji ciyawa na motsi, warin ya matso har ya cika masa maƙogwaro. Sai ga ɗumin jikinta a kafaɗarsa ta tsakanin sanduna. Ta zauna, ita ciki shi waje, numfashinta na fita da ɗan gurnani.

A hankali ya ce, "Sannu, Madam. Sannu."

Yatsu suka taɓa masa furfura. Suka sauko kan kunne, suka tsaya. Ya tuna kunnen wanda ya riga shi a aikin, ya runtse ido. Suka wuce kan kwalar riga, gefen wuya, ya ji Likita ta ja numfashi daga wurin famfo. Suka gangara kafaɗa, gwiwar hannu, sannan suka rufe a wuyan hannunsa. Ya manta yadda tafinta yake, kaushi da ɗumi. Ta ja. Ba da ƙarfi ba, amma irin jan da ba a gardama da shi. Hannunsa ya shige ciki har kafaɗa, kumatunsa ya manne da ƙarfe.

Yanzu dole ya duba. Ɗan na kwance a kan cinyarta, ya bushe ya ƙanƙance, gashin ya fara zubewa. Ta ɗora tafinsa a kan ɗan ƙirjin, ta danna, ta motsa hannun sama da ƙasa. Ta ɗago ta dube shi cikin ido.

Nan ya gane. Shafa take so ya yi, irin wadda yake mata tana ƙarama in numfashi ya sarƙe. A duniyarta shi ne mai kawo ruwa in famfo ya ƙafe, shi ne mai kunna fitila, shi ne mai buɗe ƙofar da ba ta buɗuwa. Kwana shida tana jira ya zo ya gyara wannan ma, shi kuwa ya zo mata da zuma.

Ya shafa. Ƙasusuwan na motsi a ƙarƙashin fata kamar tsinke a cikin leda. Ya yi ta shafawa, tana duban ɗan tana dubansa. Hawayen da bai yi ba shekara talatin da uku suka zubo masa ba shiri.

"Ba zan iya ba," ya ce. "Wallahi ba zan iya ba."

Abin da ya faru bayan nan, har yau bai tantance ba. Wani lokaci yakan ce tsayawar da hannunsa ya yi ne ta gane ba abin da zai tashi. Wani lokaci kuma, in ya yi wa kansa gaskiya, yakan ji kamar yatsunsa sun ɗan rufe a kan damtsen ɗan, don hannu ne da ya shekara talatin yana karɓar abin da aka aike shi karɓowa. Ko wanne ne, tafinta ya matse. Ya ji ƙas, ya sake jin ƙas, a cikin kansa ya ji su kafin zafin ya iso. Ta kai hannun baki, haƙora suka nutse a bayansa. Ta saki wata ƙara da ta cika lungun, duk biran sauran ɗakuna suka ɗauka suna dukan ƙofofi.

Ta gefen ido ya ga Likita ta fito fili, bindiga a kafaɗa.

"Kada ki harba."

"Baba, hannunka!"

"Na ce kada ki harba."

Ta cikin haƙora ya faɗa, bai ɗaga murya ba. Ya san in ya ja hannun za ta tafi da shi gaba ɗaya, in ya yi ihu kuma Likita za ta saki allura, shi ke nan Madam ta kwanta kwanciyar da ba tashi. Sai ya saki jikinsa ya bar mata hannun. Duhu na zuwa masa yana komawa. Manaja na cewa a harba mana, a harba, yarinyar nan kuwa Allah ya yi mata albarka, ta tsaya da yatsa a kan kunamar bindigar ba ta danna ba.

Bai san tsawon lokacin ba. Ƙarar ta ragu ta koma wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa. Haƙoran suka saki, tafin ya buɗe. Ya zaro hannun a hankali ya rungume shi a ƙirji, jini na bin rigarsa. Likita ta taho da gudu da tawul, ya ce ta jefo masa daga bayan layi, kada ta matso. Ya naɗe hannun, ya ci gaba da zama inda yake.

Madam ta ɗaga ɗan ta juya shi, ta shinshina, ta sa yatsa ta buɗe masa ido. Ta kwantar da shi a kan ciyawa. Ba ta sa shi a aljihun ƙarfe ba, ba ta kuma miƙo wa kowa ba. Ta ɗan ja baya ta zauna tana kallonsa, ta matso ta taɓa ƙafarsa, ta sake ja baya. Sha biyu saura minti goma ta tashi, ta bi ta ƙaramar ƙofa ta fita babban keji hannu biyu a ƙasa. Suka ji ta tana shan ruwa a kwatami. Likita ta saki ƙofar ta rufe, sannan ta zo ta kama tsohon, don ya fara zamewa.

Sati biyu ya yi a asibiti. Madam ta karɓi abinci a kwana na uku, kuma har yau da ake wannan magana tana nan da ranta, tana goge mangwaro kafin ta ci. Manaja ya rubuta cewa ma'aikaci ya karya dokar da shi da kansa ya kafa, aka sallame shi ritaya wata takwas kafin lokaci, bai yi gardama ba don gaskiya aka rubuta. Mai gadi ya zo dubiya da lemo a leda, ya dubi bandejin ya ce, "To ka gani dai. Kai ka raine ta, ga sakayya." Likita ta zo ita ma, ta ce abin da ta gani ranar nan makoki ne, ba shi da wani suna. Duk ya saurare su ya yi godiya. Kafin ya miƙa makullai sai da ya nemi gwangwanin fenti ya sake shafa layin da hannun hagu, ya fito a karkace. Ya tsai da wanda zai gaje shi a kai, ya faɗa masa abin da ya saba faɗa, bai rage ko kalma ba.

Abin da ba ya ba kowa labari shi ne ranar da matarsa ta fara canza masa bandeji a gida. A baranda ne, da la'asar, ta ture kayan ɗinki gefe ta ajiye kwanon ruwan ɗumi. Tun da abin ya faru ba ta ce masa ai na faɗa maka ba, shi kuwa jiran maganar yake. Ta kwance ƙyallen a hankali, ta dubi ɗinkin da yatsun da suka lanƙwashe.

"Ta yi maka ɓarna."

"Ta yi."

Ta matse auduga ta fara gogewa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ni ma ranar nan abin da na so yi wa hannun nan ke nan. Ƙarfin ne ban da shi."

Yana tsaye ne a lokacin, ya miƙa mata hannun daga bakin dakali. Sai ya sa ƙafa ya tuɓe takalmansa, ya zagayo ya zauna a kan benci kusa da ita. Ya ce ta gaya masa yadda yaron yake, don shi fuskar ta ɓace masa. Ta ajiye audugar. Ta ce yana da wani ɗan lanƙwasa a kunnen hagu, irin nasa, ta kai hannu ta taɓa wurin.